Sharhi kan wani kwas na intanet game da bangaskiyar Kirista, yaƙi da kishin ƙasa

Wata makarantar tauhidi ce take gabatar da wannan kwas ta intanet, kuma tun daga darasin farko har zuwa na ƙarshe tambaya ɗaya ya sa a gaba: shin mutumin da ya ce yana bin Yesu Almasihu zai iya ɗaukar makami ya kashe ɗan Adam da sunan ƙasarsa, bangaskiyarsa kuma ta fita ba tabo? Ba a gindaya sharaɗin cewa mai rajista ya zama ɗalibin tauhidi ba, ba a ma ce lallai sai Kirista ba, kuma hakan ya dace, domin batun ya shafi duk wanda yake zaune a ƙasar da ke da sojoji da tuta da masu wa'azi. Na bi darussan har ƙarshe, na karanta abin da aka ba mu mu karanta, kuma ra'ayina shi ne kwas ɗin ya yi fice wajen bayyana yadda Ikkilisiya ta yi ta kokawa da batun yaƙi cikin ƙarnuka masu yawa, amma ya yi sanyi a ɗaya rabin tambayar, wato kishin ƙasa, domin ya ɗauki abubuwa biyu da nauyinsu ba ɗaya ba ne ya auna su da mudu ɗaya.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Kowane darasi bidiyo ne da bai kai awa ɗaya ba, tare da ɗan kundin karatu da ake saukewa, sai tambayoyin gwaji a ƙarshe. Malamai uku ne suke karɓa-karɓa: wani masanin tarihin Ikkilisiya, wani limamin coci da ya daɗe yana yi wa sojoji hidima a bariki da filin daga, da wata malama daga ɗariƙar Mennonite, wadda mabiyanta ba sa ɗaukar makami. Wannan zaɓi shi ne babban arzikin kwas ɗin, domin limamin da malamar ba su yarda da juna ba, ba su kuma ɓoye hakan ba, sai dai kowannensu yana iya faɗin hujjar ɗayan yadda ɗayan zai amince cewa ba a yi masa ƙage ba. Sautin bidiyon yana fita tangaran, ana iya sauke muryar kaɗai ga wanda intanet ɗinsa ba shi da ƙarfi, kundin karatun kuma ya ƙunshi guntayen rubuce-rubucen mutanen da ake magana a kansu ne da kansu, ba bayanin wani a kan abin da suka ce ba.

Darasin Littafi Mai Tsarki ya yi gaskiya wajen ƙin sauƙaƙa abin da ba mai sauƙi ba ne. An jera koyarwar Yesu a babi na 5 na Matiyu game da juya ɗaya kuncin da ƙaunar maƙiyi, da umarnin da ya ba Bitrus ya mayar da takobinsa kube a daren da aka kama shi, da amsar da ya ba Bilatus cewa mulkinsa ba na wannan duniya ba ne. Sannan aka kawo ɗaya gefen ba tare da rage masa ƙarfi ba: Yahaya Maibaftisma bai ce wa sojojin da suka zo wurinsa su ajiye aikinsu ba, sai dai ya hana su ƙwace da ƙazafi, Yesu ya yaba wa bangaskiyar wani jarumin sojan Rum, Karniliyus, wanda aka yi wa baftisma a babi na 10 na Ayyukan Manzanni, hafsan soja ne, manzo Bulus kuma ya rubuta a babi na 13 na wasiƙarsa ga Romawa cewa mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Malamar ta jawo hankali kan abin da masu kafa hujja da wannan babi suka saba tsallakewa, wato ƙarshen babi na 12, inda Bulus ɗin ya hana ramuwa ya kuma ce a ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa, ga shi kuma sarkin da yake mulki lokacin da aka rubuta wasiƙar shi ne Nero, wanda tarihin Ikkilisiya ya ce a zamaninsa aka kashe Bulus. A Tsohon Alkawari ma an nuna yaƙe-yaƙen Joshuwa kusa da hana Dawuda gina Haikali saboda yawan jinin da ya zubar.

Inda masanin tarihin ya fi burge ni shi ne ƙarnuka uku na farko, domin wuri ne da kowane ɓangare yake son jan tarihi zuwa gefensa, shi kuwa ya ƙi ba kowa wannan dama. Gaskiya ne cewa manyan marubutan Ikkilisiya na wancan lokaci sun yi adawa da shiga soja. Tertullian na birnin Carthage, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ce lokacin da Ubangiji ya karɓe takobin Bitrus ya kwance ɗamarar kowane soja ne. Origen, yana mayar da martani wajen shekara ta 248 ga wanda ya zargi Kiristoci da barin daular ba kariya, ya ce su addu'a ce rundunar da suke taimakon sarki da ita. A shekara ta 295 an sare kan wani saurayi mai suna Maximilian a garin Tebessa, cikin Aljeriya ta yau, saboda ya ƙi a sa shi soja. Amma malamin ya tuna mana cewa Tertullian ba zai ɓata tawadarsa yana hana abin da ba wanda yake yi ba, kuma akwai shaidar Kiristoci a rundunonin Rum tun kafin shekara ta 200. Ya kuma nuna cewa ƙin shiga soja ba don gudun zubar da jini kaɗai ba ne, har da gudun rantsuwa da hadayu ga gumakan runduna da na sarki. A ganina wannan dalili na biyu shi ne mabuɗin batun kishin ƙasa gaba ɗaya, domin abin da waɗannan mutane suka ƙi shi ne ba wa daula biyayyar da ta Allah ce kaɗai, amma kwas ɗin ya ambace shi ya wuce, bai sake komawa kansa ba.

Sauyin da ya zo da Constantine, sarkin Rum da ya rungumi Kiristanci, an bayyana shi da kyau: nasararsa a gadar Milvian a shekara ta 312, 'yancin addini da aka bayar a 313, da taron bishop-bishop na Arles a 314, wanda ya tanadi hukunci ga masu jefar da makamansu a lokacin zaman lafiya. Cikin kusan shekaru ɗari al'amari ya juye daga lokacin da ake korar Kirista daga soja zuwa lokacin da doka take hana mai bautar gumaka muƙamin soja. Daga nan aka shiga koyarwar yaƙin adalci, kuma limamin sojoji ne ya karɓi darasin. Ya gyara kuskuren da mutane da yawa suke yi na ɗaukar Augustine a matsayin mai albarkatar yaƙi, ya nuna cewa bishop ɗin na Hippo, wanda ya rasu a shekara ta 430 lokacin da mayaƙan Vandal suka kewaye garinsa, ya rubuta wa wani kwamanda mai suna Boniface cewa zaman lafiya ne ya kamata ya zama abin so, yaƙi kuwa sai dole, ya kuma ce mai hikima ko da ya yi yaƙin adalci zai yi shi ne yana baƙin cikin abin da ya tilasta shi. Shi ne kuma ya ce masarautar da ba adalci a cikinta ba ta da bambanci da babbar ƙungiyar 'yan fashi. Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya tsara sharuɗɗa uku, wato halattaccen mai iko da dalili na gaskiya da kyakkyawar niyya, waɗanda suka biyo baya kuma suka ƙara cewa sai an gwada kowace hanya ta gaza, kada ɓarnar ta wuce amfanin, kada kuma a taɓa wanda ba mayaƙi ba.

Akwai darasi ɗaya da shi kaɗai ya isa dalilin yin rajista, kuma ban taɓa jin an tsaya a kan batunsa haka ba: tuban sojan da ya yi kisa a yaƙin da Ikkilisiya kanta ta amince da shi. Basil na Kaisariya, a ƙarni na huɗu, bai kira kisan da aka yi a fagen fama kisan kai ba, amma ya ba da shawarar wanda hannunsa ya taɓa jini ya ƙaurace wa jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake karɓa a coci don tunawa da mutuwar Yesu, har shekaru uku. A shekara ta 390, bayan sojojin sarki Theodosius sun hallaka dubban mutane a Tasalonika, bishop Ambrose na Milan ya hana sarkin jibi sai da ya tuba a bainar jama'a. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne abin da ya faru bayan yaƙin Hastings na 1066, wanda Normandawa suka ci Ingila da shi. 'Yan shekaru bayan nasarar, bishop-bishop na ɓangaren da ya yi nasara suka ɗora wa mayaƙansu tuba, wakilin Paparoma kuma ya amince: shekara ɗaya kan kowane mutum da soja ya san ya kashe, kwana 40 kan wanda ya sara bai san ko ya mutu ba, wanda kuwa bai san adadin da ya kashe ba zai yi tuba rana ɗaya a kowane mako iya rayuwarsa, ko ya gina majami'a. Limamin ya ce, daga abin da ya gani wajen sojojin da suka dawo daga fagen fama, babu abin da yake ƙara musu nauyin zuciya kamar a tarbe su da kirari alhali su sun san abin da hannunsu ya aikata, kuma majami'un zamani sun san yadda ake addu'ar rakiya ga mai tafiya yaƙi amma sun manta yadda ake karɓar mai dawowa. A nan ne kaɗai na ga malamar Mennonite ta yi shiru ta gyaɗa kai. Wannan darasi ya nuna mini cewa tsohuwar Ikkilisiya, ko a inda ta yarda da yaƙi, ba ta taɓa ɗaukarsa abin alfahari ba.

Yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya an bi ta kansu da sauri, kuma ban ga laifin hakan ba tunda abin da aka fitar shi ne ainihin abin da ake buƙata: daga kiran Paparoma Urban na Biyu a Clermont a 1095, yaƙi ya tashi daga abin da ake tuba saboda shi ya koma abin da ake neman gafara da shi, kuma hanyar da ta kai ga kisan kiyashin Urushalima a 1099 ita ce ta kai ga wawushe Constantinople, wato Santambul ta yau, a 1204, inda Kiristoci suka yi wa Kiristoci. An kuma ba Francisco de Vitoria haƙƙinsa, malamin Salamanca da ya koyar a 1539, lokacin da Sifaniya take mamaye ƙasashen Amurka, cewa bambancin addini da faɗaɗa daula da ɗaukakar sarki ba dalilan yaƙi ba ne. Daga zamanin gyaran Ikkilisiya an kawo Luther, wanda ya ce soja na iya samun ceto amma kada ya bi shugaban da ya tabbata yana kan zalunci, da 'yan Anabaptist da suka ƙi takobi ɗungum a yarjejeniyar Schleitheim ta 1527, da 'yan Quaker da suka sanar da sarkin Ingila irin wannan matsayi a farkon shekarun 1660.

Matsalar kwas ɗin ta fara bayyana ne da aka iso shekara ta 1914. An ba da labarin daidai: sojojin Jamus suna ɗaure da bel mai rubutun cewa Allah yana tare da su, bishop na Landan yana yawon kiran samari su shiga soja, manyan masana 93 na Jamus, ciki har da malamin tauhidi Adolf von Harnack, sun sa hannu a takardar goyon bayan yaƙin a watan Oktoba, abin da ya sa Karl Barth, wani matashin limamin coci ɗan Suwizalan da ya yi karatu a Jamus, ya yanke ƙauna daga tauhidin malamansa. Paparoma Benedict na 15 ya kira yaƙin kisa marar amfani a wasiƙarsa ta watan Agusta 1917, kowane ɓangare kuma ya zarge shi da goyon bayan ɗayan. Sai dai malaman sun tattauna wannan duka a matsayin gazawar amfani da sharuɗɗan yaƙin adalci, kamar da a ce limaman sun ɗauko jerin Aquinas sun duba da kyau da sun gane. Ni ban gamsu ba. Waɗannan mutane sun san sharuɗɗan sarai, wasunsu ma su ne suke koyar da su, kuma kowanne ya duba ya ga ƙasarsa ce ta cika su. Abin da ya lalace ba ma'aunin ba ne, mai riƙe da shi ne, domin ya riga ya gama yanke hukunci cewa al'amarin ƙasarsa da al'amarin Allah abu ɗaya ne. Abraham Lincoln ya hango wannan tun a 1865, lokacin da ya ce ɓangarorin biyu na yaƙin basasar Amurka Littafi ɗaya suke karantawa, Allah ɗaya suke roƙo, kowanne yana neman taimakonsa a kan ɗayan.

Darasin Jamus ta zamanin Hitler shi ne inda aka fi kusantar batun, kuma an yi shi da gaskiyar da ba ta yi wa kowa daɗi. Ƙungiyar da ta kira kanta Kiristocin Jamus ta lashe kusan kashi biyu cikin uku a zaɓen majami'un Furotesta na watan Yuli 1933, kuma a wani gangami a Berlin cikin Nuwamban shekarar aka nemi a jefar da Tsohon Alkawari saboda na Yahudawa ne. Sanarwar Barmen ta watan Mayu 1934, wadda limaman da suke adawa da wannan ƙungiya suka fitar, ta ƙi yarda cewa akwai wani ɓangare na rayuwa da yake da wani ubangiji ban da Almasihu, amma malamin bai ɓoye cewa ba ta ce uffan game da Yahudawa ba. Bai kuma ɓoye cewa Martin Niemöller, limamin coci daga jagororin wannan adawa kuma tsohon kwamandan jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa da aka tsare tun 1937, ya nemi a bar shi ya koma rundunar ruwa a 1939 yana cikin sansanin tsaro ba. An kwatanta mutum biyu da suka bi hanyoyi mabambanta zuwa mutuwa: Dietrich Bonhoeffer, limamin coci Bajamushe wanda ya yi kiran zaman lafiya a Fanø ta Denmark a 1934 amma daga baya ya shiga cikin masu shirin kawar da Hitler aka rataye shi a Flossenbürg ranar 9 ga Afrilu 1945, da Franz Jägerstätter, manomi ɗan Katolika daga Ostiriya, wanda ya ƙi yi wa Hitler yaƙi duk da bishop ɗinsa ya tuna masa haƙƙin iyalinsa, aka sare kansa ranar 9 ga Agusta 1943. Ɗaya ya yarda da amfani da ƙarfi yana ɗaukarsa laifin da zai amsa a gaban Allah, ɗaya ya ƙi. Abin da ya haɗa su ba ra'ayinsu kan makami ba ne, ƙin yarda ne cewa ƙasar haihuwa tana da ikon mallakar lamirinsu, kuma na yi mamakin yadda kwas ɗin ya ajiye hujja mai ƙarfi haka a gabansa bai ɗauka ba.

Da ya ɗauka, da ya raba tambayar gida biyu. Game da yaƙi, Kiristoci masu gaskiya sun saba wa juna tun da daɗewa, kuma zai yi wuya a ce wanda ya tsaya tsakanin mahara da marasa ƙarfi ya bar bangaskiya, kamar yadda zai yi wuya a ce wanda ya zaɓi ya mutu bai kashe ba ya kasa fahimtar Bishara. Taron kafa Majalisar Majami'u ta Duniya a Amsterdam a 1948 ya ce yaƙi ya saba wa nufin Allah, amma ya amsa cewa wakilansa sun kasu kashi uku kan abin da Kirista zai yi idan yaƙin ya zo. Game da ƙasa kuwa, akwai ƙauna da ba ta da laifi, irin wadda Irmiya ya umarci 'yan bauta su nemi lafiyar birnin da aka kai su, ko hawayen da Yesu ya zubar saboda Urushalima. Amma aƙidar da take cewa al'ummata ce zaɓaɓɓiya, jininta ya fi na wasu tsada, maƙiyinta kuma maƙiyin Allah ne, ban ga ta inda za ta zauna da koyarwar da ta ce babu Bayahude babu Bahelene cikin Almasihu ba. Irmiya ɗin nan an jefa shi rijiya bisa zargin karya gwiwar mayaƙan ƙasarsa, kuma a babi na 4 na Luka mutanen Nazarat sun ji daɗin wa'azin Yesu har zuwa lokacin da ya tuna musu cewa Allah ya taimaki gwauruwar Zarefat da Na'aman mutumin Suriya, a nan ne suka nemi jefa shi daga kan dutse. Babu ɗaya daga cikin waɗannan nassoshi biyu na ƙarshe a kundin karatun.

Rauni na biyu yana da alaƙa da na farko: kwas ɗin kusan bai fita daga Turai da Amurka ba, alhali misalai mafi zafi na haɗa Ikkilisiya da ƙabila suna wasu wurare. Afirka ta Kudu ta samu 'yan mintuna kawai, duk da cewa a can ne aka gina tauhidi sukutum don kare wariyar launin fata, aka mayar da nasarar da Turawan Afrikaner suka yi kan Zulu a yaƙin Blood River na 1838 wani alkawari tsakanin Allah da al'umma ɗaya, har sai da ƙungiyar majami'un Reformed ta duniya ta ayyana wannan koyarwa a matsayin bidi'a a Ottawa a 1982. Ruwanda ba a ambace ta ba sam, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne, inda aka kashe kusan mutum 800,000, mafi yawansu 'yan ƙabilar Tutsi, cikin kimanin kwana 100 a 1994, da yawansu a cikin majami'un da suka gudu neman mafaka. Kotun duniya ta yanke wa wani fada, Athanase Seromba, ɗaurin rai da rai a 2008 saboda rawar da ya taka wajen rushe cocin Nyange a kan mutanen da suka ɓuya ciki, a ƙasar kuma aka samu Félicité Niyitegeka, wadda ta ƙi barin 'yan Tutsi da ta ɓoye aka kashe ta tare da su. Kwas da yake tambayar ko ruwan baftisma ya fi jinin ƙabila ƙarfi bai kamata ya tsallake wannan ba. Yaƙin Rasha da Yukren ma an taɓo shi ne a gurguje, ko da yake mafi yawan masu bi a ɓangarorin biyu 'yan Orthodox ne, shugaban cocin Rasha Kirill ya yi wa'azi a Satumba 2022 cewa mutuwa a bakin aikin soja tana wanke zunubai, alhali wasu shugabannin majami'un Orthodox sun yi taro a Constantinople a 1872 suka la'anci tsara Ikkilisiya bisa ƙabila.

Darussan ƙarshe, kan zamanin bayan 1945, sun dawo da ƙarfinsu. An nuna yadda ruwan bama-bamai kan birane da makamin nukiliya suka girgiza tsohuwar koyarwa, aka kawo bishop George Bell da ya tsaya a majalisar dattawan Birtaniya a Fabrairu 1944 ya soki ƙona biranen Jamus lokacin da faɗin haka ba ya jawo wa mutum farin jini, aka kuma tuna cewa bam ɗin Nagasaki ya fashe ne kusa da babban cocin Urakami, cibiyar Katolikan Japan. Yaƙin Iraƙi na 2003 an yi amfani da shi da basira: wasu shugabannin majami'un bishara na Amurka sun rubuta wa shugaba Bush a Oktoba 2002 cewa harin ya cika sharuɗɗan yaƙin adalci, Paparoma John Paul na Biyu kuma, da waɗannan sharuɗɗan dai, ya yi adawa da shi har ya aika wakili Washington. A 2020 Paparoma Francis ya rubuta cewa a yau yana da matuƙar wuya a kafa hujja da waɗannan sharuɗɗa a kira wani yaƙi na adalci.

Ta fuskar gudanarwa akwai abubuwan da suke buƙatar gyara. Tambayoyin gwajin na zaɓi-ɗaya ne, suna tambayar shekara da suna, alhali kwas irin wannan ya kamata ya sa ɗalibi ya rubuta matsayinsa ya kare shi. Mutum zai iya cinye makin duka bai taɓa tambayar kansa komai ba. Zaman tambaya da amsa na kai tsaye gajere ne, ana kuma yin sa a lokaci ɗaya da bai dace da kowane yanki na duniya ba, kuma sau da yawa mutum biyu ko uku masu son jayayyar siyasar ƙasarsu ne suke cinye shi ba tare da mai gudanarwa ya tsawata ba. Babu taswira ko ɗaya a darussan tarihin farko, ga sunayen garuruwa birjik da mai sauraro bai san inda suke ba. Rubutun da ke bin magana a ƙasan bidiyo na'ura ce ta yi shi, tana kuma ɓata sunayen mutane ƙwarai, don haka gara a riƙe kundin karatun a kusa. A ɗaya gefen, malaman suna amsa tambayar da aka aika musu a rubuce, amsa mai tsawo da ta nuna an karanta tambayar, kuma darussan suna nan a buɗe bayan an kammala.

Ina ba da shawarar kwas ɗin ga limaman coci da masu wa'azi, musamman waɗanda suke da sojoji ko iyalan sojoji cikin jama'arsu, da malaman makarantun tauhidi, da wanda ba Kirista ba amma yana son ya san dalilin da ya sa mabiya addini ɗaya suka haifar da Maximilian da Urban na Biyu. Wanda yake neman a ba shi amsar e ko a'a ba zai samu ba, kuma ba na ɗaukar wannan aibi. Wanda kuwa damuwarsa ita ce tutar da ke tsaye kusa da bagade, da wa'azin da yake mayar da zaɓe ko rikicin ƙabila yaƙin Allah, zai samu kayan aiki masu kyau a darussan ƙarnukan farko da na Jamus, amma sai ya nemi tarihin Afirka ta Kudu da Ruwanda da kansa, ya kuma haɗa zaren da malaman suka bari a warwatse.